Ranar Da Na Sallami Mai Gadin Giya

Ina so a rubuta, a kuma ajiye inda jikoki za su gani, cewa tun da aka fara zaluntar magidanta a duniya ba a taɓa yi wa wani abin da aka yi mini ba. An raba mutane da gonakinsu, na sani. An tumɓuke wasu daga mulki, na ji labari. Amma duk cikinsu babu wanda aka zaunar a kujerar bayan motar matarsa, tsakanin kwandon cefane da tukunyar gas, aka kuma danna ɗan makullin nan na ƙofa da ake yi saboda yara, sai an zagayo an buɗe masa daga waje. Ni ne wannan. Shekara hamsin da biyu, gashin baki a gyare, takalmi a goge, ana sauke ni kamar buhu.

Kuma duk a kan me? A kan taimako.

Ni mai gyaran agogo ne. Shekara ashirin da bakwai na yi da gilashi a ido ɗaya ina zaro abin da ido biyu ba ya gani. Wayar hannu ta zo ta kwashe mini kasuwa, amma ba ta kwashe basira ba. Basira kuwa in ba ta sami agogo ba dole ta nemi wurin sauka, shi ya sa ta sauka a kan dutsen guga, da injin markaɗe, da ƙofar firiji. Uwargida tana da nata ra'ayin game da abin da ya sami waɗannan kaya. Ni dai abin da na sani, a makare suka zo hannuna.

Ita ma'aikaciyar jinya ce, kuma motar tata ce, ba na musu. Irin otomatik ɗin nan ce mai canja giya da kanta. Babu kuloci, sai birki da totur, da wata sanda a tsakiya mai haruffa huɗu: P na ajiyewa, R na ribas, N na firi, D na tafiya. Ni da na koyi tuƙi a tsohuwar akori-kurar kawuna, wadda sai ka yi kokawa da giya kafin ta gaishe ka, kallon abin wasa nake yi wa wannan. Kullum ina faɗa, mota ai babban agogo ce da aka sa wa taya.

Ranar Litinin za ta tafi duba mahaifiyarta, kwana biyu. A bakin ƙofa ta miƙo mini makulli, amma ba ta saki ba.

"Baban yara, tuƙi na yarda. Bonet ban yarda ba."

Na ce ai ni da bonet ko gaisawa ba ma yi.

"In na dawo na tarar ka buɗe shi, ko da leƙawa ce, kai da makullin nan sai kallo daga nesa. Laraba ƙarfe huɗu ka ɗauke ni a tasha."

Sannan ta saki.

Laraba da ƙarfe tara na safe na fito, na sha turare, da niyyar in ɗan zaga gari mutane su gan ni kafin huɗu. Na zauna, na gyara madubi, na murɗa makulli. Fitilun gaban sitiyari suka kama tar. Rediyo ta fara magana. Injin kuwa ko tari bai yi ba. Na sake murɗawa. Shiru, ko ɗan ƙas ɗin nan babu. Na yi mata magana mai daɗi, na yi mata marar daɗi, duk ɗaya.

Sai na tsaya na yi nazarin maganar Uwargida kamar lauya. Cewa ta yi in ta tarar. Abin da aka rufe kafin ƙarfe huɗu kuwa ba a tarar da shi ba. Na ja abin buɗe bonet.

Ƙarar buɗewar ce ta fito da Tela daga shagonsa da ke tsallaken layi, tef a wuya, allura a baki. Bayan shi Mai kanti ya leƙo daga bayan kiret-kiret na ƙwai da yake jerawa a ƙofar kantinsa kowace safiya, har sun kai masa kafaɗa. Ta ƙarshe ita ce Malama, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ta yi ritaya daga aiki amma ba ta yi ritaya daga gyara wa mutane kuskure ba. Ita ma otomatik gare ta.

Na sanar da su cewa batir ne. Malama ta ce in danna hon. Na danna, ya yi ƙara har kajin bayan layi suka amsa. Ta ce batirin da ya mutu ba ya irin wannan ihu.

"Ka taka birki, ka kai sandar kan N, ka gwada a can," in ji ta.

Na yi mata murmushin da ake yi wa ɗalibi mai ƙoƙari. Na ce N wurin hutawar mota ne, ba a tashin mai barci daga inda ya fi jin daɗin barcin. Na ƙara da cewa kowa da fanninsa, ita alli, ni ƙarfe. Sannan na roƙi aron batirin motarta. Ta ce matata ta riga ta yi mata bayani a kaina tun ranar Lahadi, don haka ko inuwata ba za ta faɗa kan bonet ɗinta ba.

Mai kanti ne ya ba ni na janaretonsa, bayan na rantse minti biyar zai yi. Na cire na motar, na ɗaura nasa. Ina haɗa waya ta biyu motar ta fashe da kururuwar ɓarayi, fitilu huɗu suna ƙiftawa, hon yana yi ba numfashi. Na danna duk abin da ke jikin makulli. Na danna duk abin da ke cikin motar. Abin share gilashi ya shiga rawa, kururuwa ba ta daina ba. Daidai nan wayata ta yi ƙara. Uwargida.

Ta tambayi lafiyar gida, na ce lafiya lau. Ta tambayi motar wa ke ihu haka.

"Ta Malama ce," na ce. "Kin san tsofaffin motocin nan. Ga ni nan ina ba ta shawara."

Malama tana tsaye taku biyu daga inda nake. Ta cire tabarau, ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta dube ni kamar mai haddace fuska. Daga nan ta koma gida, ta fito da kujera, ta zauna a ƙofarta.

Da kururuwa ta gaji ta yi shiru don kanta, na murɗa makulli da sabon batir. Babu abin da ya canja. Na bayyana wa jama'a, don zuwa lokacin mun kai mutum goma, cewa wannan gwaji ne kawai, na cire batir daga zargi. Yanzu saura sitata, abin da ke juya injin ya tashi. Duk direban da ya san kansa ya san sitata kan maƙale, kuma maganinta guduma.

Na zaunar da Tela a kujerar direba, na ce ya riƙe makulli a murɗe, ni kuma zan buga. Matsalar ita ce masu ƙera motocin zamani sun cusa komai wuri ɗaya, ba su rubuta suna a jiki ba. Na zaɓi wani abu mai siffar gwangwani na ba shi uku masu kyau. Shiru. Na zaɓi na kusa da shi. A bugu na biyu guduma ta zame ta sauka kan babban yatsana, a na uku ta sami wata farar roba. Wani ruwa shuɗi ya fara tsiyaya ƙarƙashin mota, ya bi ta tsakanin ƙafafuna ya nufi kwata.

Mai kanti ya tambaya ko jinin motar ne. Na ce gurɓataccen ruwa ne da ya daɗe yana neman hanyar fita, an yi sa'a na gano shi. Daga kan kujerarta Malama ta ce ruwan wanke gilashi ne. Na yi kamar da wani take.

Sha biyu ta wuce. Na mayar wa Mai kanti batirinsa, wanda ya ce tun ɗazu firijinsa ke zufa, na mayar da na motar wurinsa. Na naɗe yatsa da ƙyallen da Tela ya ba ni, na tsaya a gaban mota na yi jawabi. Na ce duk wata mota da ɗan Adam ya ƙera, daga ta farko har ta ƙarshe, in ta ƙi jin makulli tana jin turi. Malama ta ce ba a tayar da otomatik da turi. Na ce ba a tayar wa wanda bai iya ba.

Maza shida na samu: Tela, Mai kanti, mai aski da wanda yake yi wa askin, rabin kai a aske, da wasu biyu da suka zo kallo. Na shiga, na sa ta a N don ta gangara. Na san abin da kuke tunani, cewa ga ni a N, me ya hana in murɗa makulli? Malama na kallo. Da ta tashi a nan, da na shiga uku a layin nan har in mutu.

Suka tura. Mota ta ɗauki gudu, ina jin numfashinsu ta taga ina ba su ƙwarin gwiwa. Da muka kai gudun da nake so, na finciko sanda zuwa D, na ɗaga ƙafar hagu na taka kuloci da dukan ƙarfina, yadda kawuna ya koya mini.

Na riga na gaya muku motar ba ta da kuloci. Abin da ke wurin birki ne, mai faɗi kamar faranti.

Ƙarar da na ji a baya kamar an zubar da buhuna shida lokaci ɗaya. Da na duba madubi, fuskar Tela ce manne da gilashin baya, hancinsa ya baje. Mai aski yana ƙasa, wanda ake yi wa aski yana kansa. Da suka miƙe, Tela ya zagayo wurin tagata yana riƙe da hanci. Ya ce shekara goma sha biyar muna maƙwabtaka bai taɓa ɓata mini ɗinki ba, me ya yi mini. Na ce laifin masu ƙera motar ne da suka ajiye birki a gidan kuloci ba sanarwa.

"Injiniya," ya ce, da ma haka suke kirana, ni na koya musu, "in ka sake cewa a tura, kai za mu tura."

Duk da haka sai da suka juyo da ita suka dawo da ita ƙofar gidana, don ta tare hanya. Suka bar ta tana fuskantar kanti. Ni kuma, kamar kowane direba mai tarbiyya, ba na barin mota a firi. A akori-kura giya ta ɗaya ake sa ta in an ajiye. Na sa ta a D, na fito. Birkin hannu kuwa ban ja ba, giya ai ta isa.

Ƙarfe biyu Uwargida ta sake kira. Motarsu ta yi sauri, uku za su iso, ba huɗu ba. Na ce madalla, ni ma dama na ƙosa in gan ta. Na kashe waya na dubi agogo.

Ina jin tausayina ne ya kama Malama, ko kuma ta gaji da kallon. Ta kira ni gefe, ta yi mini magana a hankali kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce irin motocin nan suna da wani ɗan makunni a jikin akwatin giya, wanda aikinsa ya gaya wa mota inda sanda take. In bai ga P ko N ba, ba zai bar wuta ta je wa sitata ba, don kada mota ta tashi a cikin giya ta yi tsalle. In ya lalace ko ya goce, fitilu za su kama, hon zai yi, injin zai yi shiru. Ya taɓa yi mata haka. Ta ce ta riga ta kira mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, da ke duba tata, yana hanya, in zauna in jira shi.

Na gode mata, na ce zan yi tunani. Na yi tunanin taku goma, daga ƙofarta zuwa gaban mota. A nan na tafa hannu na tara jama'a.

Na ce bayan dogon bincike na gano cutar. A cikin motar nan akwai wani mai gadi da aka ajiye a ƙofar giya, ya ga maigida ba ya nan ya fara iko. Shi ke hana wuta wucewa. Mai kanti ya ce ai kamar abin da Malama ta faɗa ke nan. Na ce Malama ta ji ina tunani ne da ƙarfi.

Na zura hannu ta gefen batir, can ƙasa, na kamo soket ɗin makunnin na zare shi. Tela ya yi mamakin yadda hannuna ya tafi kai tsaye. Na ce baiwa ce. A cikin soket ɗin akwai ramuka da yawa, biyu sun fi sauran girma. Wanda ya yi shekaru a cikin agogo ya san manyan hanyoyi na manyan baƙi ne. Na yanko guntun waya, na lanƙwasa ta, na cusa kai ɗaya a wannan rami, ɗaya a wancan.

"Na sallami mai gadi," na ce. "Daga yau wuta za ta wuce ba tambaya."

Malama ta miƙe daga kujera. Ta ce mai gadin nan ba don ado aka sa shi ba, in duba inda sanda take tukuna. Na ce gidan da nake ciki ba ya bukatar wani mai gadi. Wayata ta yi ƙara, uku da kwata, Uwargida tana tasha. Na ce minti biyar, ga ni a kan hanya, go-sulo ne. Ta kira uku da rabi, ban ɗauka ba, don a lokacin ina jiran jama'a su cika. Aikin da aka sha wuya a kansa ba a buɗe shi gaban mutum goma. Sai da na ga mata sun leƙo ta tagogi, masu wucewa sun tsaya, mai aski ya rufe shago.

Ban shiga motar ba. So nake kowa ya ga fuskata lokacin da za ta tashi. Na tsaya a waje, bonet a buɗe, na zura kai da kafaɗu ta tagar direba, na miƙa hannu na murɗa makulli.

Ta tashi. Wallahi ta tashi, bugu ɗaya, da wata murya mai daɗi. Ina so a rubuta wannan ma. Har wani ya fara tafi.

Sai ta fara tafiya.

Ba gudu ta yi ba, kada a ƙara mata. Tafiya ta kama a natse, irin ta mai zuwa karɓar saƙo. Na yunƙura in fito, tumbina ya ce shi ya riga ya shiga. Na yunƙura in ƙarasa shiga, ƙuguna ya ce shi ba ya ciki. Ƙafafuna suka bi ta da sassarfa, daga baya suka bar ƙasa. Masu hikimar bayan fage sun ce da na mayar da makulli baya, da shi ke nan. Su ba su taɓa rataya a taga ba. Abin da hannu ya samu shi ya kama, sitiyari ya samu. Kafaɗata kuma ta sami hon ta kwanta a kai.

Haka muka ratsa layi, hon yana shela, bonet a wangale ya tare gaba, ni rabi ciki rabi waje. Muka bi ta ƙofar Tela, madubin gefe ya ɗauki igiyar da yake rataye ɗinkunan da ya gama, riguna bakwai suka biyo mu kamar tutoci. Tela yana gudu a gefe yana kiran sunayen masu rigunan. Takalmina ɗaya ya yi nasa wuri. Ta ƙarƙashin bonet na hango ƙafafun Mai kanti, ya tsaya a gaban ƙwansa ya ware hannuwa, sannan hankali ya zo masa ya yi tsalle gefe.

Ƙwai ba ya ƙara in mota ta shige shi. Wani irin taushi kawai na ji, kiret bayan kiret, sannan bamba ta sami dakalin kanti muka tsaya. Injin yana ci gaba da aiki, mota tana tura dakali a hankali, ruwan ƙwai yana gangarowa.

Hon bai daina ba. Ta ɗaya tagar na ga tasi ta tsaya. Na ga jaka ta sauko, na gane jakar. Uwargida ta tako ta cikin ƙwai ba ta ko ɗage zani ba, ta buɗe ƙofar gefe, ta zauna. Fuskarta da tawa ba su fi tafin hannu biyu tsakani ba. Ta kama sanda ta mayar P, ta kashe mota, ta zare makulli ta jefa a jaka, ta ja zif.

"Sannu da zuwa, Maman yara," na ce. "Ya jikin Mama?"

"Da sauƙi. Go-sulon ke nan?"

Mutum huɗu ne suka zaro ni, biyu a kowace ƙafa.

Ana cikin haka mai wayarin ya iso a kan babur, wani siriri marar yawan magana, da 'yar jakar kayan aiki. Ya dubi mota, ya dubi ƙwai, ya dubi ƙafata marar takalmi, ya ce, "Baba, sannu." Baba. Furfurata ba ta kai ashirin ba, na ƙirga.

Uwargida ta sa ta a N, aka turo motar baya. Ya leƙa ƙasan batir, ya zaro guntuwar wayata da yatsa biyu ya ɗaga sama, ya tambaya aikin waye. Na ce matakin wucin gadi ne. Ya ce an yi sa'a ƙwai ne a gaba, ba mutum ba. Ya mayar da soket, ya karɓi makulli daga hannun Uwargida, ya ja birkin hannu, ya taka birki. Ya murɗa a P, shiru. Ya kai sanda N ya murɗa, ta tashi nan take. Malama ta yi wani ɗan tari. Ban waiwaya ba.

Ya sa Uwargida ta tsaya a baya ta duba farar fitilar ribas. Ya kai sanda R, ba ta kama ba. Ya ɗan girgiza sandar, ta kama, ta ɗauke. Ya ce to ga shi nan, makunnin bai mutu ba, gocewa ya yi daga mazauninsa, shi ya sa sanda na P shi yana ganin wani wuri. Batir lafiya, sitata lafiya, sai dai wani ya yi wa abin cajin batir duka, ya kuma fasa robar ruwan gilashi. Gyaran kuwa na minti goma ne: a sa giya a N, a juya makunnin har layin da ke jikinsa ya yi daidai da tsagin da ke kan sandar ƙarfen da ta ratsa shi, a ɗaure noti biyun da ke riƙe da shi.

Ya zura hannu da sifana, sai ya dakata. Ya haska tocila. Ya ce noti ɗaya ne a wurin, ɗayan babu, shi ya sa abin yake lilo har ya goce.

Na ce hanyoyin nan namu, ramuka ko'ina, dole noti ya faɗi. Ya ce zai iya yiwuwa, sai dai ramin notin fes yake, ko ƙura babu. Ya zazzage jakarsa, bai sami mai irin zaren ba. Ya ce da noti ɗaya zai sake gocewa, sai dai a bar motar nan zuwa gobe ya nemo. Uwargida ta ce gobe da safe tana da aiki.

To, ku sa kanku a matsayina. Tun safe ake kallona a wulaƙance. Ga jama'a cike da layi, ga ƙwararre ya gaza, ga matata cikin damuwa, ni kuma na san inda irin notin nan yake. Wane namiji ne zai yi shiru?

Na ce a ba ni minti biyu, mai sana'a ba ya rasa irin waɗannan. Na ɗingisa cikin gida da takalmi ɗaya, na shiga ɗakina, na kwance notin da ke riƙe da wuyan fankar tsaye, na jingina kanta da bango, na fito ina ɗaga shi sama kowa ya gani.

Mai wayarin ya karɓa, ya zura, ya shige kamar an haife shi a wurin. Ya daidaita layi da tsagi, ya ɗaure. Ya murɗa a P, ta tashi. A N, ta tashi. Ya gwada a R da D, ƙafarsa a kan birki, ta ƙi, ya ce haka ake so. Na fara karɓar gaisuwa da kai.

Sai ya sake haska tocila, ya daɗe yana kallo. Ya kira Uwargida ta leƙa. A kan notin da ya tarar akwai ɗigon fenti ruwan ɗorawa, irin wanda ake sa wa a masana'anta in an ɗaure. A kan wanda na kawo ma akwai, kala ɗaya, hannu ɗaya, har rabin ɗigon da ya rage a jikin makunnin ya haɗu da nasa.

Uwargida ta ɗago ta dube ni. Daidai lokacin, daga cikin gida, aka ji kan fanka ya faɗi ƙasa, murfinsa ya gangara ya daɗe yana juyi kafin ya kwanta.

"Baban yara," ta ce, "yaushe?"

To. Tunda abin ya zo nan, bari in faɗa da bakina, yadda na faɗa mata a gaban Tela da Malama da ƙwai. Ranar Litinin ne, ko tasha ba ta isa ba. Na buɗe bonet don mu gaisa kawai. Na hango wani abu da bai fi tafin hannu ba an ɗaure shi da noti har biyu, ga fankata kuma wata guda tana sunkuyar da kai don rashin guda ɗaya. A agogo, abu irin wannan sukuru ɗaya ke riƙe shi shekara talatin. Na ɗauki ɗaya na bar masa ɗaya, rabon adalci. Ni na kwance notin, ni na haɗa wayar, ni na bar ta a D. Har gobe ina ganin noti biyu sun yi wa abin nan yawa, motar ce dai ba ta yarda da ni ba.